Daga Ƙofar Bebeji zuwa Lambar Ƙirji

Duk wanda ya tashi daga Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya hango duwatsun Riruwai, tsohon bakin daga yake ketawa ko bai sani ba. A ƙarni na 19 wannan yanki shi ne garkuwar Kano ta kudu. Mayaƙan Ningi, tun zamanin Ɗan Maje har zuwa Ɗan Yaya, sukan sauko su afka wa ƙauyuka, su kore mutane da dabbobi, su koma cikin duwatsunsu. Shi ya sa manyan garuruwa suka yi ganuwa, ƙanana suka yi kafi. Sunan Kafin Maiyaƙi da ke ƙasar Kiru kaɗai ya ishi mai tunani.

A wancan zamani ba a san lambar ƙarfe ba. Barden da ya yi abin a zo a gani a fagen fama, sarki kan ba shi ingarma, ko riga da rawani, ko takobi. In abin ya kai, a naɗa shi. Jarmai, Barde, Garkuwa, Sarkin Yaƙi, duk asalinsu sarautun masu jini a jika ne, tun kafin su zama na karrama attajirai da 'yan siyasa. Amma tukuicin da ya fi kowanne tsada shi ne suna, wato maroƙi ya ɗaga murya a bainar jama'a ya wasa mutum da abin da ya aikata, har laƙabi ya danne sunan yanka.

Tsarin nan ya yi karo da wani daban a ƙofar Bebeji. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland na Turawan Ingila ya baro Zariya da soja sama da 700, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwan harsashi huɗu. Bebeji ce garin ganuwa na farko da ya tare masa hanya, ranar 1 ga Fabrairu. Aka ce a buɗe ƙofa, mutanen gari suka ƙi. Harbin igwa ya fasa ƙofar, ya kashe Sarkin Bebeji da wasu manyansa da ke tsaye a bayanta. Ranar 3 ga wata birnin Kano ya faɗi, lokacin Sarkin Kano Alu yana can wajen Sakkwato, Sarkin Shanu Muhammadu kuma ya rasa ransa yana kare Gidan Rumfa.

Kafin watan ya ƙare, rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ta haɗu da wata 'yar ƙaramar runduna ta Turawa a yankin Kwatarkwashi. Laftanar Wallace Wright, da hafsa ɗaya da soja 44, suka ja sahu mai kusurwa huɗu suka tsaya. Takardar yabonsa ta ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 sun shafe awa biyu suna kawo musu sukuwa. A kan wannan aka ba shi lambar Biktoriya, wadda Sarauniyar Ingila ta ƙirƙiro a 1856, kuma babu wadda ta fi ta daraja a sojan Birtaniya. Wazirin Kano Ahmadu, wanda ya jagoranci sukuwar da takobi da mashi a gaban bakin bindiga, a nan ya kwanta dama. Kanawa suka saka masa da irin tasu lambar: har gobe Mai Shahada ake ce masa.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da yadda lambar soja take samuwa. Ba ganin ido kawai ba ne, aikin takarda ne. Sai an sami shaidu, kwamanda ya rubuta rahoto, rahoton ya bi matakala har sama, sannan a buga sunan a jaridar gwamnati. Wanda ba shi da mai rubuta masa, ko ya kai zaki zuciya, ba zai shiga kundin ba. Waɗancan 44 ɗin ma 'yan ƙasa ne, kamar yawancin sojan Morland, waɗanda da dama Hausawa ne. Abin da irinsu suka samu shi ne lambar halarta ta yaƙe-yaƙen Afirka, mai ɗan ƙarfe da aka rubuta Arewacin Najeriya 1903 a kai. Wannan shaidar zuwa ce kurum, ba ta bajinta ba, kuma mutane kan rikita biyun idan suka ga ƙirjin tsohon soja ya cika da ƙyalli.

Wasu dai sun tsallake shingen. Chari Maigumeri ya fara soja ne a wurin Jamusawa a Kamaru, suka ba shi lambarsu ta jarunta saboda yaƙin Garwa, inda ya yaƙi Ingilishi. Daga baya ya shiga rundunar Ingilishin, ya sami tasu lambar a Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Habasha da Bama, ya halarci naɗin Sarauniyar Ingila a 1953. Ƙarfe biyu daga abokan gaba biyu a tarihin mutum ɗaya! Barikin soja na Lakwaja yana ɗauke da sunansa.

Yau Najeriya na da nata lambobin, irin su Tauraron Neja da Tauraron Binuwai, ga ranar 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya. Dajin Falgore kansa ya zama filin atisayen soja, bayan ya daɗe yana ɓoye ɓarayin shanu. Tsohuwar al'adar kuwa ba ta bar bariki ba. Muhammad Abu Ali, kwamandan tankokin da suka taimaka wajen ƙwato Baga da Monguno daga Boko Haram a 2015, an yi masa ƙarin girma na musamman daga manjo zuwa laftanar kanar a shekarar. An kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016. Sojojin da suka bi bayan tankarsa, tun yana raye, Sarkin Yaƙi suke kiransa.