Littattafan da Muke Yabo, Ina Suke?

A majalisarmu ta Ƙofar Kwaya, bayan sallar Isha'i, wani abokinmu ya jefo tambaya: wane littafi ne ya fi kwanta wa kowa a rai? Nan take muhawara ta kaure. Likitan cikinmu ya ce Magana Jari Ce, lauya ya kafe a kan Shaihu Umar, ni kuwa na zaɓi Ruwan Bagaja.

Muka yi ta tinƙaho, domin Katsina na da kaso a wannan gado. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Yayansa, Bello Kagara, ya shiga gasar da Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, a Kwalejin Katsina ya yi karatu.

Can sai dattijon cikinmu ya ce, “To, wa ke da ko ɗaya a gidansa?” Mu bakwai muka yi tsuru-tsuru. Mun saya wa 'ya'yanmu wayoyi masu tsada, amma ba su san Alhaji Imam ba, balle Malam Zurƙe.

Washegari na nemo Ruwan Bagaja, na karanta wa ɗiyata babin farko. Mai karatu, kai fa?