Bayani A Kan Takalmin Mata Mai Babbar Lamba

Bismillahir Rahmanir Rahim.  Bayan haka, ni dai sana'ata hatsi, kun saba jin bakina a kan gero da dawa da shinkafa da riɗi. Yau kuwa maganar takalmi na kawo, ga kuma dalili.

Bara aka kawo lefen 'yar ƙanena, da takalmi ƙafa shida a ciki, kowanne da jakarsa. Yarinyar doguwa ce irin gidanmu, a bakin fadama kuma ta tashi. To, ko ɗaya bai shige ta ba. Dangin ango suka ce lamba 41 suka saya, babu wadda ta fi ta a rumfar. Mata suka fara zunɗe, yarinya ta shige ɗaki tana kuka, sai ka ce ita ta halicci ƙafarta. Ranar kai amarya da silifan yayanta ta fita, aka saki zane ya rufe. Abin ya tsaya mini a rai. Duk sa'ad da na kai kaya Dawanau sai in ratsa wurin masu sarin takalmi a Kano in yi tambaya, na kuma zauna da dukawa. Ga abin da na fahimta.

Dalili na farko, kwali. Ku sani mai rumfa ba ya zaɓar lamba ɗai-ɗai. Kwali ya ke sara a rufe, yawanci dozin, an riga an jera lambobi tun daga masana'anta, ko a ƙasar Sin ko a Aba. Na mata kan fara daga 36 ko 37, ya tsaya a 41 ko 42. Na tsakiya su ne da yawa, ta ƙarshe kuwa sau da yawa ƙafa ɗaya tak. Wato idan mata uku masu babbar ƙafa suka zo rana ɗaya, biyu za su koma hannu rabbana. Daga 43 zuwa sama kuwa ba ta cikin kwalin sam.

Dalili na biyu, tsoron kwantai. Masana'anta ba ta ɗinka takalmi sai a kan ƙafar katako ko ta roba, kowace lamba da tata, babbar lamba kuma ta fi cin fata. Ga shi masu sayenta kaɗan ne. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 dala ta hau, jarin mai sari ya ƙanƙance, ba ya yarda ya binne kuɗinsa a kayan da za su shekara a rataye. Mu ma haka mu ke: ba ka cika rumbu da abin da ba a tambaya.

Dalili na uku, kuma shi ne babba, ƙafar ba ta zuwa kasuwa. Matar kulle mijinta ke saya mata, ko dillaliya ta kawo abin da ta samu. Amarya dangin miji ke saya mata da ka. Wata kuma kunya ke hana ta faɗin lambarta ta gaskiya, sai ta rage ɗaya ko biyu. Mai rumfa bai ji an tambaya ba, saboda haka bai saro ba. Alhali masu bukata suna nan da yawa: dogayen mata, da matan karkara da suka girma ba takalmi har tafin ƙafa ya buɗe, da waɗanda haihuwa ta ƙara wa ƙafa girma ba ta koma ba.

Akwai kuma waɗansu masu nema da ba a cika ambata ba. Akwai 'yan daudu, irin masu sayar da abinci a tashar mota, ƙafarsu ta maza amma takalmin mata su ke so. Akwai mata-maza, wadda malamai ke kira hunsa, har suka yi bayaninta a babin gado, wata an rene ta a mace, ga ta da ƙashi irin na namiji. A Turai da Amurka ma akwai waɗanda aka haifa maza suka koma zaman mata, har akwai kantuna a intanet masu sayar musu, su da dogayen mata, lamba 44 da 45 da 46. Hukuncin wannan al'amari na malamai ne, ba na mai awon gero ba. Abin da idona ya gani shi ne, tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa cikin 2000, irin wannan mutum ba ya iya zama bakin rumfa ya gwada takalmin mata a idon jama'a. Sai ya ce na yayarsa ne, ya biya ya tafi, in bai yi daidai ba kuma ba shi da bakin dawowa. Na ga mai rumfar da ya gane haka ya ninka masa kuɗi. Ya ɗan'uwa, wannan cuta ce. Surar da ta yi kashedi a kan tauye mudu ba ta ware kowane mai saye ba.

Yanzu sai maganar lamba ita kanta. Kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba ita ce tiyar waccan ba. To haka lambar takalmi ta ke. Lissafin Turai, wato su 40 da 41, tsakanin lamba da lamba kashi 2 ne cikin 3 na santimita. Lissafin Ingila, su 7 da 8, da ƙwayar sha'ir aka kafa shi, sha'irin nan da mu ke ji a babin zakka: ƙwaya 3 inci guda, kowace lamba ƙwaya ɗaya. 8 ta Ingila ita ce wajen 42, 9 kuma wajen 43. Amurka kuwa ta raba lissafin maza da na mata, na mata ya ɗara da lamba ɗaya da rabi, har 9 ta maza ta zama 10 da rabi ta mata. Na Sin rabin santimita ya ke hawa. In ka ga 250 a ƙarƙashin takalmi, tsawon ƙafa ke nan da milimita, shi ne 40 a wurinsu, 260 shi ne 42, 270 shi ne 44. A wajen 40 lissafin Sin da na Turai kusan ɗaya ne, amma da an yi sama sai su rabu. Ƙafa mai santimita 27 a Sin 44 ce, a Turai wajen 43. Mai santimita 28 a Sin 46 ce, a Turai wajen 44. Shi ya sa mai babbar ƙafa ta fi kowa shan ruɗin lamba.

Magani shi ne awo, in ƙafa ba za ta je kasuwa ba awonta ya je. Da yamma a ke yi, don ƙafa na kumbura da yini. Ta taka takarda ko bayan kwali tana tsaye, a zagaya ƙafar da alƙalami a miƙe. A yi duka biyu, a ɗauki wadda ta fi girma. A yanko kara daidai tsawon, daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo. Sa'an nan a zagaya zare a tushen yatsu, inda ƙafa ta fi faɗi, a ƙulla. A kasuwa sai ka zura karan cikin takalmin. In bai bar sarari kamar faɗin yatsa ba, ajiye shi, ko wace lamba aka buga masa. Kada a manta da zaren, domin takalmin mata an ƙera shi siriri ne, ya kan yi daidai a tsawo ya matse a faɗi.

Wuraren samu kuwa huɗu ne. Na ɗaya baduku, na gida ko na Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi a Kano. Ka kai masa takarda da zare, ka ba da kafin alƙalami, ya ɗinka fade ko sau-ciki da adon mata, ba tare da ya tambayi mai ƙafa ba. Wannan ita ce hanya mafi rufin asiri, ta kuma fi ƙarko. Na biyu gwanjo, don kayan Turai da Amurka sun fi yawan manyan lambobi, amma sai ka je ranar kwance dila, ka kuma duba wane lissafi aka buga. Na uku Aba: masu ɗinki a kasuwar Ariaria suna karɓar aiki bisa lambar da ka faɗa in ya kai dozin. Na huɗu, don aikin fadama da damina, takalmin roba marar ado, na maza ne ko na mata duk ɗaya. Ya fi a shiga laka da ƙafa tsirara a taka ƙaya ko kwalba, kamar yadda mutane suka sha a ambaliyar 2022.

Kada kuma a ce da kowa ta daure zai buɗe. Fata ta kan ɗan saki a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo. Matsattsen takalmi na jawo bororo da kanta da shigar farce cikin nama. Ga mai ciwon sukari kuwa, ɗan gyambon da takalmi ya jawo na iya ƙin warkewa har a kai ga yanke ƙafa.

Shawarata ga masu rumfunan takalmi: ku haɗu ku huɗu ko biyar, na Haɗeja da Malam Madori da Gumel da Nguru, ku sa a yi muku kwali na 42 zuwa 45 zalla ku raba. Jari bai nutse ba, mai nema kuma da ta samu sau ɗaya ba ta sake rumfa. Ku ajiye ma'aunin tela a rumfa, ku yarda da musanya in ba a taka ƙasa da shi ba, kada ku tsananta tambayar na wane ne. Ga dangin ango kuwa, ku aika a karɓo kara da zare kafin ku haɗa lefe. 'Yar ƙanena dai baduku ya ɗinka mata ƙafa biyu, 43 mai faɗi, wancan shidan kuwa da faɗuwa dillaliya ta sayar.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Haza wassalam.