Alif cikin randa: yadda ake auna sanholo a ruwan sha

A ƙasar Gure, cikin jihar Damagaram, yawancin jama'a rijiyoyi da fanfunan burtsatse suke sha. Amma da damina ta sauka, mutanen ƙauyuka da makiyaya sukan koma ga tabkuna. Ruwan tabki jajir yake da laka, saboda haka uwargida takan jefa ɗan alif cikin randa, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau.

Ya kamata masu karatu su sani cewa alif gishiri ne na sanholo, watau ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi. Irinsa ne ma'aikatar ruwa ta Gudel a Yamai take sa wa ruwan kogin Kwara, sai dai a can da ma'auni ake sawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanholon da ya saura cikin lita guda bai kamata ya wuce miligiram 0,1 a manyan ma'aikatu ba, ko 0,2 a ƙanana.

Ga abin da ya shafi Gure musamman. Kwarurrukan Muniyo ƙasar kanwa ce, ruwa mai kanwa kuwa yana narkar da sanholo, ya hana shi bin laka zuwa gindin randa. Ke nan ruwa yana iya yin fari tas alhali sanholo na ciki, ido bai gani ba.

Ga yadda ake awon. Ma'aikaci yakan ɗebi ruwa cikin goran roba mai tsabta, ya ɗiga masa asid domin kada sanholon ya manne a jikin goran. A ɗakin awo sai a zuba wani rini wanda yake rikiɗa ya yi ja in ya gamu da sanholo, na'ura ta auna ƙarfin launin. Haka ake yi wa ruwan ƙazanta, bayan an dafa shi da asid. Sinadarin fuliyor, wanda ya lalata ƙasusuwan yara a Tibirin Gobir, yana dushe launin. In ba a lura ba, sai awo ya nuna ƙasa da gaskiya.

Sakaci yana da tsada. A shekara ta 1988, a garin Kamelfod na Ingila, an juye tan 20 na alif cikin rumbun ruwan sha bisa kuskure, ruwan mutane wajen 20.000 ya gurɓata. Masu ciwon ƙoda su ne suka fi shiga hatsari, domin ƙoda ce take fitar da sanholo daga jiki.

Saboda haka muna kira ga iyaye mata su rage alif, su bar ruwa ya kwanta sosai, su tsiyaye na sama, su zubar da na gindi. Garin ƴaƴan zogale ma yana kwantar da laka, ba shi da sanholo. A tuna kuma, alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ruwan ko an sa masa jabel. Ma'aikatan ruwa da na lafiya kuwa, wajibi ne su riƙa kai ruwan tabkuna ɗakin awo kowace damina.