Bel ɗin taimin: Ƙaramar robar da ke kashe injin tsofaffin manyan babura

A cikin manyan baburan tafiya mai nisa da ake shigowa da su na-hannu daga Turai da Amurka, kaɗan ne suka yi suna kamar Honda Gold Wing. Kamfanin ya fara nuna shi a birnin Kolon na Jamus a 1974, ya shiga kasuwa a 1975 da samfurin GL1000, kuma an san injinsa da juriya. Sai dai a gaban wannan inji akwai robobi biyu masu haƙora da makanikai ke kira bel ɗin taimin. Idan ɗaya ta tsinke ana cikin tafiya, asarar na iya kaiwa ga sauke inji gaba ɗaya.

Waɗanne babura abin ya shafa?

Samfura huɗu na Gold Wing ne ke aiki da bel: GL1000 na 1975, GL1100 na 1980, GL1200 na 1984, da GL1500 mai silinda shida wanda aka ƙera daga 1988 zuwa 2000. Da aka fito da GL1800 a 2001, kamfanin ya koma amfani da sarƙa. Ke nan duk Gold Wing mai bel da ke kan titi a yau ya haura shekara 20, wasu ma sun doshi 50. Honda ST1100 da manyan baburan Ducati da dama su ma bel suke amfani da shi.

Mene ne aikin bel ɗin?

A cikin inji, fistin yana hawa da sauka, bawul kuma suna buɗewa su shigar da mai da iska, su sake buɗewa su fitar da hayaƙi. Karanshaf ne ke karɓar ƙarfin fistin, kamshaf kuma ke buɗe bawul. Bel ɗin taimin shi ke ɗaure su biyun a kan lokaci ɗaya, ta yadda duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf zai yi juyi ɗaya. Silindojin Gold Wing a kwance suke, rabi a dama rabi a hagu, shi ya sa kowane ɓangare ke da nasa bel.

Haɗarin yana cikin ƙirar injin. Gurbin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe, nan ne fistin ke isowa idan ya hau, lokaci kawai ke raba su. Da zarar bel ya tsinke, kamshaf zai tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuma ya ci gaba da hawa ya doke su. Sakamakon shi ne lanƙwasassun bawul, wani lokaci har da lalacewar fistin da kan inji.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Sau da yawa bel ba ya sallama kafin ya tsinke. Duk da haka akwai alamomin da ke nuna matsala a wannan sashe. Kuka mai kama da fito daga gaban inji, wanda ke ƙaruwa idan an murɗa totur, yakan nuna an ɗaure bel fiye da kima, ko kuma boris ɗin tenshina, wato ƙaramar tayar da ke matse bel, ya bushe. Ƙara mai kama da mari a jikin murfi kuwa alama ce ta sako-sako.

Idan bel ya tsallake haƙori ɗaya, inji zai iya tashi, amma zai riƙa rawa a silo, ya rasa ƙarfi, ya riƙa harbi ta salansa. A nan ne masu babura da yawa ke ɓata kuɗi, domin alamomin sun yi kama da na dattin kafireto ko mutuwar fulogi. Abin da ke bambanta su shi ne, matsalar taimin takan tsaya a ɓangare guda na injin, kuma takan bayyana ne jim kaɗan bayan an taɓa bel.

Tabbaci sai an buɗe murfi an duba. Tsagewa a gindin haƙora, ƙyallin bayan bel, zare da ya fito a gefe, ko garin roba a ƙasan murfi, duk suna nufin lokacin canji ya yi. Baƙin mai a jikin bel ya fi su muni, domin mai yana cin roba. Idan an gan shi, to sil ɗin kamshaf ko na karanshaf yana yoyo, kuma sabon bel ma ba zai daɗe ba sai an toshe yoyon.

Idan inji ya mutu farat ɗaya

Mai babur da injinsa ya ɗauke ba zato, musamman bayan wata ƙara daga gaba, kada ya sake danna sitata. Kowane juyi na iya ƙara ɓarna. Abin da ya dace shi ne a ɗauki babur zuwa gareji, a buɗe murfi, idan bel ya tsinke a sa sabo a daidaita taimin, sannan a auna matsin iskar kowace silinda. Silindar da ba ta riƙe iska, da alama bawul ɗinta ya lanƙwashe.

Inda makanikai ke kuskure

Canjin bel ba ya buƙatar manyan na'urori, amma ba ya yafe gaggawa. Masana'anta ta sa alamomi a kan karanshaf da tayoyin kamshaf, kuma dole su dace da abokansu a jikin inji kafin a cire tsohon bel, su kuma kasance a haka bayan an sa sabo. Tenshina tana da sifirin da ke ba bel matsin da ya dace. Aikin makanike shi ne ya sassauta ƙusoshinta, ya bar sifirin ya yi aikinsa, sannan ya ɗaure. Danna ta da ƙarfe don ƙarin matsi yana gajarta ran bel da boris.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa. A cire fulogogi, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, a sake duba alamomin. Idan an ji wani abu ya tokare, a tsaya nan take. Ana canja bel biyun tare, kuma ba a naɗe sabon bel da ƙarfi, domin zaren da ke cikinsa yana karyewa ba tare da ido ya gani ba.

Me ya sa shekaru suka fi mita muhimmanci?

Roba tana tsufa ko da babur yana ajiye. Babur da ya shekara goma a rumfa da ɗan kilomita a mitarsa na iya fin wanda ake hawa kullum haɗari. Wannan ya fi shafar masu saye a Nijeriya da Nijar, inda abin hawa na-hannu yakan iso ba tare da takardar tarihin gyara ba, sannan ya tarar da zafi da ƙurar da ke hanzarta lalacewar roba. Faɗuwar darajar naira ta ƙara tsadar kayan gyaran da ake shigowa da su, abin da ke sa wasu jinkirta canji, wasu kuma su faɗa hannun masu sayar da jabu.

Amma lissafin a fili yake. Kuɗin bel biyu na ainihi da ladan makanike bai kai ko kusa da na sauke kan inji da neman bawul ɗin babur da aka daina ƙerawa ba. Wanda ya sayi tsohon Gold Wing ba tare da shaidar ranar da aka canja bel ba, ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba, ya canja kafin ya hau babbar hanya, ya kuma rubuta ranar da adadin kilomita don amfanin kansa da na wanda zai saya bayansa.