Kuɗin Kuskure Ba Rabo Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare a kasuwanninmu.

Yanzu da ciniki ya koma na tura kuɗi ta waya da POS, sai ka ga mutum ya kuskure lamba ɗaya, kuɗin buhun masararsa ya faɗa asusun wani. Da an kira wancan sai ya ce ai rabonsa ne ya tsaga, wai babu wata yarjejeniya tsakaninsu. Haka kuma wani zai karɓi kafin alƙalami a kan gero, geron bai zo ba, kuɗin ma bai dawo ba. Ni kaina wani dillali ya riƙe mini kuɗin buhu 6 na wake har damina ta wuce, hujjarsa ita ce ba mu rubuta takarda ba.

To jama'a, doka ba ta tsaya ga takarda kaɗai ba. Duk wanda ya ƙaru da dukiyar wani ba tare da dalili ba, kotu na iya tilasta masa ya mayar, tamkar dai ya yi alkawari da bakinsa. Wani ɗan ƙanena mai karatun lauya ya ba ni misali da shari'ar Fibrosa. A 1939 wani kamfanin ƙasar Folan ya biya fam 1,000 kafin alƙalami domin sayen injuna daga Ingila. Yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, injuna ba su je ba. A 1942 babbar kotun Ingila ta ce a mayar musu da kuɗinsu, tunda ba su karɓi ko ƙusa ba. Kotunan Nijeriya sun gaji wannan ƙa'ida daga Ingila. Mu kuwa tun kafin Bature malamanmu ke karantar da mu cewa aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ba bisa haƙƙi ba.

Haka batun ƙwadago yake. In ka sa mutum ya yi maka huɗa ko girbi ba ku yanke farashi ba, ba za ka ce babu ciniki ba. Za ka biya shi daidai yadda ake biyan irin aikin a garinku. Amma fa wanda ya je ya nome gonar maƙwabci ba wanda ya sa shi, da wuya ya ci nasara, domin ba a yi wa mutum bashin dole.

Shawarata ita ce, wanda ya tura kuɗi bisa kuskure ya adana rasit ko saƙon waya, ya garzaya bankinsa nan take. In wancan ya ƙi mayarwa, sai a nemo umarnin kotu, banki ya yi aiki da shi. A ciniki kuma a riƙa kafa shaidu biyu, ko da na tiya goma ne.

Kai kuma da kuɗin ya shigo maka, ka ji tsoron Allah. Wataƙila kuɗin takin wani ne, ko na maganin yaronsa. Ina kira ga sarakunan kasuwa da limamai su riƙa faɗakarwa a kan wannan.

 

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Dawanau, Kano.