Hasken da ke tona sinadarin da ke cikin tsoka

A shekarar 2010, gubar dalma ta halaka yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a tsakar gida. Masu aikin ceto sun zo da wata na'ura 'yar riƙewa a hannu. A ɗora bakinta kan ƙasa, ta harba hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, nan take ta faɗi yawan dalmar. Sirrin shi ne kowane sinadari, in an taɓa shi, da irin hasken da yake mayarwa, kamar yadda Henry Moseley ya nuna a Ingila a 1913. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ma tana irin wannan awo.

Auna ƙasa da sauƙi, tsoka ce mai wuya. Masani yana son sanin a wane lungu na ƙwayar halitta sinadari ya maƙale, a ƙoda ko a hanta. Amfanin na'urar da Raymond Castaing ya ƙera a Faransa a 1951 ke nan: tana saita ɗan ɗigo guda, ta karanta abin da ke cikinsa. Sai dai tsoka ruwa ce galibinta. Da an jiƙa ta a maganin adanawa, sodiyam da fotasiyam sun narke sun bar mazauninsu, awo ya tashi a banza.

Shi ya sa ake daskarar da ita, kuma nan gizo ke saƙar. Duk wadda ta taɓa sa naman layya a firiza, a Achilafiya ko Kazaure, ta ga yadda yake tsatsar ruwa in ya saki. Ƙanƙara ce ta taru a hankali ta farfasa ƙwayoyin. Don kauce wa haka, masana kan tsoma ɗan tsagin tsoka, wanda bai kai ƙwayar gero ba, cikin ruwan gas da aka sanyaya da naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya ƙame kafin ƙiftawar ido. A yanka shi siriri yana daskare, a auna shi yana daskare.

Ko a nan da sauran rina a kaba, domin harbin na'urar kansa yana cin tsokar. A ganina gyaran da ya fi muhimmanci shi ne rage ƙarfin harbin da ƙara kaifin abin da ke karɓar hasken. Sannan sanyin nan ba ya son yankewa ko na minti ɗaya, don haka kowane ɗakin bincike a Arewa sai ya fara tanadar masa wutar da ba ta ɗaukewa.