KUMFA A BAKIN TANKIN KIFI

Kwanan baya mun kai ziyara wata makaranta a ƙasar Babura, inda malamin aikin gona ya gina tankin siminti ya zuba 'ya'yan tarwaɗa domin koyar da yara. Muka tarar da farin kumfa ya rufe ruwan, har yana tsiyaya ta gefen tankin, ga wani ƙarni yana tashi. Malamin ya sa yara biyu suna kwashe kumfan da ƙwarya, suna kwashewa wani na tasowa. Da muka tambaye shi abin da ya kawo kumfan, sai ya ce zafi ne. Lalle zafi yana da hannu a ciki, amma ba shi ne tushen abin ba.

Masu kiwon kifin teku a cikin akwatunan gilashi, a Turai da Amurka da sauran wurare, sun daɗe da sanin wannan kumfa, har sun mai da shi bawansu. Daga Babura zuwa teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, amma abin da suka gano zai amfane mu.

Kowace mace ta san kumfan da ke tasowa a tukunyar nama, wanda akan yaɗe da ludayi. Abin nan mai gina jiki da ake kira furotin shi ne ke riƙe shi. Haka yake a ruwan kifi. Ragowar abinci da kashin kifi da majinar jikinsu suna narkewa a ruwa, kuma halinsu ne su manne wa ƙwayar iska duk inda suka same ta. Saboda haka aka ƙera na'urar yaɗe kumfa. Famfo ne ke zuƙo ruwa da iska tare, ya farfasa iskar ta zama 'yan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai a cikin wani dogon bututu. Dauɗa ta manne musu, su tashi da ita ta wuyan bututun, su zube a wani kofi da ke bisa. Mai kifi ya zo ya zubar da baƙin ruwan da ya taru. A ruwan teku, wanda ke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, ƙwayoyin iskar ba su saurin haɗewa da juna, shi ya sa na'urar ta fi aiki a can. A ruwan daɗi irin namu sai su haɗe su fashe nan da nan.

To, wani lokaci na'urar takan yi ambaliya. Kofin da ya saba cika cikin kwanaki sai ya cika cikin 'yan mintoci da ruwa garai, ya malala a ɗaki. Ɓarnar kuwa iri biyu ce. Ruwan gishiri kusa da wayar lantarki hatsari ne ga rai. Sa'an nan wanda ya cike gurbin abin da ya zube da ruwan daɗi ya rage gishirin akwatin, kifin teku kuwa ba su jure wa haka.

Mafi yawan abin da ke jawo wannan shi ne hawan ruwa a ƙaramin tankin ƙasa inda na'urar ke tsaye. In an ɗauke wuta, ruwan bisa yakan gangaro ya cika na ƙasa. Da wuta ta dawo, na'urar ta tashi cikin ruwa mai zurfi fiye da yadda aka daidaita ta, sai ta yi amai. Mu da muka san yawan ɗauke wuta ba sai an yi mana dogon bayani ba. Maganinsa shi ne a bar ta a kashe na 'yan mintoci har ruwa ya koma ma'auninsa. Wani lokaci kuma gishiri ne ya bushe ya toshe ƙofar iskar, sai a wanke ta da ruwan ɗumi. Sabuwar na'ura takan yi mako ɗaya ko biyu tana gardama kafin ta zauna. Magani da aka zuba wa kifi, ko mataccen kifi da ya ɓuya bayan dutse, su ma suna sa ta haukace. Ko wanne ne dai, abin farko shi ne a kashe wuta daga bango da busasshen hannu, a zubar da kofi, sa'an nan a nemi dalili. Masu lura sukan sa tiyo daga kofin zuwa jarka domin kada ƙasa ta jiƙe.

Mu komo Babura. Tankin malamin nan ba shi da na'ura, amma kumfan iri ɗaya ne. Abincin 'ya'yan tarwaɗa na kanti yakan ƙunshi furotin kashi 40 cikin 100 ko fiye. Muka bincika, ashe yara uku ne ke ba kifin abinci, kowa bai san ɗan'uwansa ya bayar ba. Abin da kifi bai ci ba ya nutse ya ruɓe, ya cinye iskar ruwa, ya kuma haifar da amoniya mai ƙona matsefatar kifi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, abin ya fi muni, domin ruwan ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Tarwaɗa kuwa tana ruɗin mai ita, don tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sarari, sai a ga tana motsi a zaci lafiya lau take, alhali ta daina girma. Da karfasa ce, da tuni an gan ta a bisa ruwa tana haki.

Muka shawarce shi ya hana abinci kwana guda, ya zuƙe dauɗar ƙasan tankin da tiyo, ya sake sulusin ruwan ko rabinsa, yana zuba sabon daga sama domin ya fantsama ya ɗauki iska. Bututun da ke rage ruwa in ya yi yawa ma mun same shi a toshe da gansakuka. Tsohon ruwan kuma muka ce a kai shi lambun makaranta, taki ne mai kyau, kada a sake shi a lungu ya tara sauro. Akawu ko malamin da ya sa albashinsa a kiwon kifi a bayan gida, shi ma wannan ta shafe shi, gama abinci shi ne ya fi cin kuɗi a wannan sana'a, kuma kuɗin nan ne ke tasowa kumfa.

Kafin mu tashi muka sa aka kawo kwalabe biyu, kowace da ruwa rabin lita, ɗaya aka narka mata gishiri cokali guda. Aka girgiza su. Ta gishirin ta yi fari ta ɗan jima, ɗayar ta washe nan take. Aka ɗiga farin ƙwai a kowace aka sake girgizawa, kumfa ya tsaya cak. Wani yaro a bayan aji ya ɗaga hannu ya ce shi ne na uku da ke ba kifin abinci, kuma gwangwani biyu yakan zuba.